Jakar da Ba a Ƙulla wa Zare

Brickfields, Kuala Lumpur
12 ga Fabrairu, 2006

Zuwa ga Gwaggo Hureira, Soron Ɗinki, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya gwiwar nan, ta bar ki kina taka keken ɗinki? Ya 'yarki Sharifa da maigidanta da yara? A gaida maƙwabciyarki Iya, a ce mata na zagaye Asiya ban samu daddawa irin tata ba. Mu nan lafiya lau. Matata Saudatu tana fama da karatunta a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, ta fita da safe ta dawo da littattafai kamar mai tallansu. Ni kuwa kin san jami'ata, kasuwa: in sayi mayafai da wayoyi in tura wa mutanen Kwari.

Na so in kira ki ta wayar Sharifa, sai na tuna yadda muka yi da Sallah, ina ihu kina cewa "wane ne?" har kati ya ƙare. Kuma ke ce kika ce ba a karɓar aikin ɗinki da baki.

Gwaggo, arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma sunanki yake kira. A benenmu akwai wani tsoho Bajapane, Tanabe, ya haura saba'in, shi kaɗai yake zaune. Ritaya ya yi ya dawo nan, wai sanyin ƙasarsu yana taɓa masa ƙirji. Muna haɗuwa a mamak, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan bene. Turancinsa gurgu, nawa mai ɗingishi, haka muke jingina da juna.

Ran Talata ya ga jakar yadin nan da kika ɗinka min da zan taho. Ya roƙa, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya ce hannu ne ko keke? Na ce hannu. Ya cire tabarau ya goge. Ashe shekara arba'in ya yi a kamfanin jakunkuna a garinsu, aikinsa duba ɗinki.

Yana son ki yi masa guda ɗaya. Na san guda ɗaya irin ta manyan 'yan kasuwa, samfuri ake nufi. Sunan jakar a bakinsu zudabukuro. Na tambayi wani matashin Bajapane da ke koyarwa a makarantar su Saudatu, ya yi dariya ya ce ai buhu ne kawai, irin wanda ake watsa komai a ciki a saɓa a kafaɗa. Ki duba, ƙasa guda mai mutum sama da miliyan ɗari tana son buhu!

Ga yadda yake so. Farin yadin auduga tas, ba ado. Tsawo taƙi ɗaya, faɗi taƙi ɗaya, da igiya doguwa ta ratayawa a wuya. Kada a sa almakashi, a yaga yadin da hannu. A yi da allura, kada allurar ta koma baya. Sannan kada a ƙulla bakin zare, farko da ƙarshe.

Kada ki tambaye ni dalili. Masu hali yanzu tsumma suke so. Na ga yagaggen wando a kanti ya fi lafiyayye tsada.

Ɗanki,
Tajuddeen


Soron Ɗinki, Kano
19 ga Maris, 2006

Taju,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Gwiwa da sauƙi, sai in an yi sanyin asuba. Sharifa da yara suna gaishe ku. Iya ta ce in dai daddawa ce ga ƙulli uku nan na haɗa da saƙon, amma ka daina yi mata zaƙin baki, ta san kakanka, shi ma haka yake. Jikin nata sai a hankali, tari ya matsa mata.

Na karanta sharuɗɗanka sau biyu, na sa Sharifa ta sake karanta min ko idona ne. Taju, ɗayan biyu ne. Ko dai kai da tsohon naka Turancin ya kayar da ku gaba ɗaya, ko kuma so kake a yi maka aikin sauri ka sayar da tsada. Shekara talatin da bakwai ina koya wa matan aure ɗinki a unguwar nan. Abu na farko da nake bugun hannu a kai shi ne ƙulli. Jaka ba ƙulli, a sa mata me? Iska? Ranar da ya zuba lemo biyu a ciki gindinta zai buɗe a tsakiyar titi, a ce wa ya ɗinka, a ce wata 'yar Kano. Ba da sunana ba.

Ga jaka nan na ba Alhajin da ke zuwa muku sarin kaya. Fara ce kamar yadda ya ce, awon ma na bi. Na yi mata shafi a ciki, na ninka bakin, na sa zif mai kyau, na yi mata dagi da koren zare a gaba don kada ta yi kama da jakar gari. Ko jikansa zai gaje ta. Ka ba shi, ka ce gaisuwa ce daga gwaggonka, ba na son komai.

Batun mutum miliyan ɗari kuwa, hannuna biyu ne, ɗaya ma yana rawa.

Ka riƙe 'yar mutane da kyau, ka bar ta ta yi karatunta.

Gwaggonka,
Hureira


Brickfields
16 ga Afrilu, 2006

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya ƙara wa Iya sauƙi. Daddawa ta iso, Saudatu ta yi miyar kuka har Indiyawan bene suka leƙo suna tambayar ko wani abu ya ƙone.

Jaka ta iso, kuma wallahi ta yi kyau. Baba Tanabe ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna sau uku har na ji kunya. Yanzu kullum tana kafaɗarsa, da ita yake zuwa yin tapau, wato sayo abinci a ƙunsa masa ya tafi da shi gida. Ya ce wadda ta yi wannan ɗinkin a kamfaninsu da ita ce shugabar masu dubawa.

Amma washegari ya same ni a mamak, ya juya kofin shayinsa ya fi sau goma, sannan ya ce, "Taju-san, wannan ta kasuwa ce. Waccan fa, har yanzu ina so." Ya sake jero min sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa yatsu.

Na ce Baba, wai buhun watsa tarkace ne ake wa wannan doka haka? Ya ce wannan ma'anar yaran yanzu ce. Wai kalmar ma ba tasu ba ce, rabinta baƙuwa ce. Bukuro jaka ke nan a harshensu. Zuda kuwa daga tsohon harshen Indiya ta taso, ta bi ta Sin, ta haye ruwa ta shiga Japan tare da addinin Buda, ma'anarta kakkaɓewa. Mutum ya kakkaɓe kwaɗayin ci da sutura da muhalli kamar yadda ake kakkaɓe tabarma. Masu zuhudunsu na da, in za su shiga duniya da ƙafa, sai su rataya wannan jaka a wuya, littafinsu a ciki da ɗan abin da aka ba su. Kamar dai gafakar malamanmu. Da zamani ya yi nisa sai kowane buhu ya ari sunan. Na ce ai mu ma haka muke, jaka ta tashi daga abin zuba wuri ta koma fam ɗari, ta dawo naira ɗari biyu da ko kati ba ta saya.

Na juya na tambayi Kadir mai shayi, tunda kalmar daga ƙasar kakanninsa ta fito, ko ya san zuda? Ya ce, "Babu a jerin abincinmu lah, amma in kana so a yi maka, boleh," wato zai yiwu.

To Gwaggo, ni dai na gane. Kayan gargajiya yake so ya farfaɗo da su, kuma nan kuɗi yake. Har cewa ya yi ba shi da lokaci da yawa. Na yi dariya a ciki, ni da nake ce wa kwastoma jirgi gobe zai tashi alhali kayan ma ba su bar kanti ba.

Don Allah wannan karon ki ajiye gwaninta a gefe. Abin da ake so ko wadda ba ta iya ɗinki ba za ta yi shi. Ki bi takarda kawai.

Ɗanki,
Tajuddeen


Brickfields
25 ga Yuni, 2006

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Wata biyu da kwana tara ba takardarki. Mutum uku sun zo daga Kano, kowanne na tare shi da hannu a buɗe, ya ce ba a ba shi komai ba. Na karanta wa Saudatu kwafin abin da na rubuta miki, da na zo wajen "wadda ba ta iya ɗinki ba" sai ta ajiye cokali ta ce, "Wannan ka aika wa Gwaggo Hureira? Ai ko ni ce sai ka shekara." Bakin kasuwa ne, Gwaggo, ya saba da gudu ba birki. Ki yafe.

Albishir kuma, Saudatu tana da juna biyu, wata uku. Laulayi ya sa ko warin kari, miyar Indiyawa, ba ta so, a unguwar da ko bango warin kari yake.

Tsohon yana tambaya. Ba ya matsawa, sai dai duk ranar da ya ga na dawo daga ɗauko baƙi, ya dube ni ya dubi hannuna. Ya rame kwana biyun nan, gurasarsa rabi yake ci. Ina jin ma tashi zai yi zuwa unguwar masu kuɗi, don ya fara rabon kaya. Ya ba Saudatu tukunyar dafa shinkafarsa ta lantarki, ya ba Kadir shukokinsa, ni ya ba ni akwatin fata da ko a Dubai ban ga irinsa ba. Tsorona kada ya tashi da cinikin ya kai wa 'yan Indonesiya.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Ɗanki mai laifi,
Tajuddeen


Soron Ɗinki, Kano
23 ga Yuli, 2006

Taju,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta zauna. Allah Ya raba Saudatu da cikin lafiya, ka ce ta riƙa tsotsar tsamiya.

Fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Na sa takardarka ƙarƙashin keke na ce sai ta yi wata. Amma ba fushi ne ya kai shirun har yau ba. Iya ta rasu ran sha tara ga Mayu. Shekara arba'in da ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sai yanzu na iya riƙe biro.

Ka natsu ka karanta abin da zan faɗa, kada ka karanta shi da idon ciniki.

Iya ta bar wasiyya cewa kada a kai likkafaninta wajen tela, ni zan yi mata da hannu yadda tsofaffinmu suke yi. Aka kawo farin yadi. Ban nemi almakashi ba, na ɗan tsaga bakin da haƙori na yaga. Na zaro zare daga jikin yadin. Na yi ta jan allura gaba, gaba, ba komawa, don ana jira a zaure. Da na kai ƙarshe hannuna ya tafi zai yi ƙulli yadda ya saba, sai 'yarta Mero ta ce, "Gwaggo bar shi, ai ba wanki za a yi ba." Na saki zaren. Allurar tana hannuna takardarka ta faɗo min a rai, layi bayan layi. Fari tas. A yaga. Kada a koma baya. Kada a ƙulla.

Taju, ɗinkin da ba a ƙulla wa zare, ɗinkin da ba za a wanke ba ne. Ban san addininsu ba, ban san ƙasarsu ba, amma na san wannan ɗinkin. Sai ga takardarka ta bayan nan, mutum ya rame yana rabon tukunya, kai kana lissafin 'yan Indonesiya. Wayonka duk a kasuwa ya ƙare?

Ban ɗinka ba tukuna. Ba zan yi wa mai rai irin wannan ɗinkin a kan zato ba, in ya zamana kuskure na yi, mugun fata ke nan na aika masa. Ka je ɗakinsa, ba wurin shayi ba. Ka zauna. Ka tambaye shi jikinsa, ka tambaye shi wa yake da shi. Sannan ka yi shiru, in ka iya.

Ka gaggauta ba ni amsa.

Hureira


Brickfields
14 ga Agusta, 2006

Sharifa, na turo wannan ta intanet don sauri. Ki buga a takarda da manyan baƙaƙe ki kai wa Gwaggo yau, ba gobe ba.

Gwaggo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Iya, Ya ba ki haƙuri. Ragowar daddawarta tana nan, mun kasa taɓawa. Takardarki sati uku ta yi a jakar mai kawowa, jiya ta zo hannuna.

Na je ɗakinsa. Babu komai a ciki sai katifa, da hoton matarsa, da jakarki rataye a ƙusa. Na yi shiru kamar yadda kika ce, kuma abin mamaki ban mutu ba.

Gaskiyarki ne. Ciwon daji ne a huhu, tun Janairu likita ya gaya masa. Ya ce tarihin kalmar da ya ba ni ya tsallake tsakiya, don a wurinsu ba a ɗora wa maƙwabci irin wannan nauyi. Tsakanin jakar masu zuhudu da buhun tarkace akwai wata ma'anar. Mutanensu suna ganin mamaci matafiyi ne kamar waɗancan masu zuhudun, sai su yi masa shigar tafiya fara, su rataya masa zudabukuro a wuya. A ciki ana sa tsaba shida, kuɗin fito, don sun ce akwai kogi a gaba. Yanzu ma ba tsaba ake sawa ba, hotonsu ne a takarda. Ba a ƙulla zaren don kada a ɗaure mai tafiya da duniya, allura ba ta komawa baya don kada ya waiwayo.

Na ce Baba, ai ana sayarwa a can ko? Ya ce ana sayarwa, cikin leda, ɗinkin inji, masu shirya gawa suna kawowa. Wadda aka sa wa matarsa ke nan, ya juya ta ya ga inda injin ya koma baya sau uku, shekara tara abin yana cinsa. A ƙauyensu matan dangi ne suke taruwa su ɗinka, ba a barin mace ɗaya ta yi, kowacce ta ja allura kaɗan. Ya ga an yi wa kakarsa yana yaro. Shi kuwa ba ɗa, ba 'ya, ƙanwarsa ɗaya ta riga shi. Da ya ga jakata, wai ɗinkin mahaifiyarsa ya gani.

Ya tambaye ni, ke mece ce a wurina? Na fara lissafi: kakana na wajen uba da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙani ne. Na zana masa a bayan takardar magani. Ya daɗe yana kallo, ya ce a wurinsu wannan ai an zama bare, ko a titi ba lallai a gaisa ba. Na ce mu a wurinmu gwaggo ce, tana iya zagina ta cikin ambulan daga nisan duniya, in kuma ba ta haƙuri. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, in zumuncinku yana miƙewa haka, ka tambaye ta ko zai kai Japan.

Zai koma gida ya ƙarasa a can. Jirginsa ran sha takwas ga Satumba. Akwai wani ɗalibi, Abdulwahidu, abokin karatun Saudatu, yana Kano yanzu wajen iyalinsa, zai taso ran goma. Lambarsa tana ƙasa.

Na san akwai maganar addini, ba zan matsa miki ba. Wata shida ina auna mutumin nan da mudun riba, Gwaggo. Ban taɓa faɗuwa a ciniki na ji kunya irin wannan ba.

Ɗanki,
Tajuddeen


Soron Ɗinki, Kano
8 ga Satumba, 2006

Taju,

Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Ba zan tsawaita ba, mai karɓar saƙon yana zaure.

Na yi kwana uku ina juya maganar. Na aika aka tambayo min limamin unguwa. Ya ce kogin da tsabar nasu ne, ba ruwana da su, amma maƙwabci yana da haƙƙi ko addini ya bambanta, kuma yadi yadi ne. Na ce to, shi maƙwabcinka ne, kai ɗana ne, katangar ta zo har nan.

Yadin ragowar na Iya ne, kamu ɗaya ya rage, Mero ta kawo da kanta. Iya ba ta taɓa hana kowa abin hannunta ba tana raye, ba za ta fara yanzu ba. Ni na yaga. Na ja gefe ɗaya, Sharifa ta ja ɗaya, Mero ta yi igiyar. Sharifa ta manta ta yi ƙulli, na sa ta zare duka ta sake. Shekara talatin da bakwai ina bugun hannu a kan a ƙulla, ranar na buga a kan a kwance.

Kada ka ɗaga ta da igiya kana nuna wa mutane, ba ta da ƙarfin haka. Na naɗe ta a takarda.

Amsar tambayarsa: an ce zumunta a ƙafa take. Ƙafata ba ta kai ni ko Sabon Gari yanzu, sai na aika da allura. Ya girme ni, don haka yaya ne. Ka ce ƙanwarsa tana yi masa sannu.

Hureira


Brickfields
20 ga Satumba, 2006

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Saudatu lafiya, cikin ya fito, yanzu kari take nema da kanta.

Saura ƙiris. Abdulwahidu bai taso ran goma ba, aka ɗaga jirginsu, aka sake ɗagawa, ya kwana biyu a Dubai, sai safiyar sha takwas ya sauka. Baba Tanabe kuwa ƙarfe goma zai bar gida. Na ce wa Abdulwahidu kada ya tsaya jiran kowa, ya hau jirgin ƙasa mai sauri daga filin jirgi zuwa KL Sentral, tashar da ke bakin unguwarmu, inda shi ma tsohon zai hau. Ni da Kadir muka tura shi a keken marasa lafiya har bakin shiga. Jirgi ɗaya ya zo ya tafi, na ce Baba wannan ya cika. Na biyu ya zo, na ce wannan direbansa ban yarda da fuskarsa ba. Ya dube ni ya ce, "Taju-san, jirgin babu kowa a ciki." Duk ƙaryar da na koya a Kwari ranar ta yi amfani. Ana sanar da na uku sai ga Abdulwahidu da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Baba Tanabe ya buɗe takardar a kan cinyarsa. Ya juya cikinta waje kamar yadda ya yi wa tawa ranar farko, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa. Da ya kai ƙarshe ya sami bakin zaren a sake, ya riƙe shi. Ya bi ɗaya gefen, ya bi igiyar, sannan ya ɗaga yatsu uku. Ban gaya masa ba, Gwaggo, wallahi ban gaya masa ba. Ya nuna gefenki ya ce wannan ce babbar.

Na karanta masa takardarki da gurgun Turancina, har maganar Iya da ragowar yadi. Da na zo wajen "yaya" ya sa na maimaita. Ya ciro biro ya ce in faɗi sunayen a hankali, ya rubuta da rubutunsu a bayan katin shagon Kadir: Hureira, Sharifa, Mero, da Iya. Ya sa katin a cikin jakar. Na ce ai wurin kuɗin fito ne. Ya ce kuɗin takarda ne, akwai wuri.

Ya ninke farar ya sa a cikin mai dagi, ya ja zif ɗinki, ya rataya. Ya so ya miƙe ya rusuna, muka hana shi, ya rusuna daga zaune. Ya ce in gaya wa ƙanwarsa, a shekara arba'in bai taɓa sa hannu a kan aikin da babu gyara ko ɗaya ba sai yau.

Kadir ya yi kuka a tasha kamar ba shi ne mai yi wa mutane tsawa a kan canji ba. Ni ban yi ba, sanyin na'urar tashar ne ya shigar min ido.

Ɗanki,
Tajuddeen


Soron Ɗinki, Kano
10 ga Disamba, 2006

Taju,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ya mai nauyi? Na lissafa, watan nan ne ko farkon mai zuwa. Allah Ya sauke ta lafiya.

Sharifa ta faɗa min saƙonka na waya, cewa asibitin can sun rubuto maka tsohon naka ya cika ran biyu ga Nuwamba, kuma an sa masa abin da ya bari a rubuta a sa masa. Ta faɗa sau uku kafin na ji. Na rufe keke ranar ban yi aiki ba. Matan da nake koya wa suka ga idona, suka ce Gwaggo rasuwa aka yi? Na ce e. Suka ce wa? Na rasa ta inda zan fara, na ce wani yayana ne, can nesa yake zaune. Suka yi min gaisuwa, na amsa.

Ka ce kalmar ta tashi daga Indiya ta bi ta Sin ta je Japan. Ka ƙara a lissafinka, ta kwana a Soron Ɗinki.

Akwatin fatar nan da ya ba ka kada in ji ka sayar. Ka zuba kaya a ciki ka kawo min jikana in gani kafin idon ya ƙarasa.

Ga zanin goyo da majanyi na ba Alhajin Kwari. Saƙi ne mai kauri, na ninka bakin sau biyu, allura ta je ta dawo, kowane bakin zare na ƙulla shi sau uku. Ka ce wa Saudatu kada ta tausaya masa. Wannan wanki zai sha.

Gwaggonka,
Hureira